Yadda Ake Sarrafa Ɗanyar Kazar Kasuwa Don Kauce wa Salmonella

Uwargida, ana yawan tambayar yadda ake sarrafa ɗanyar kaza. Salmonela, ƙwayar cuta mai sa gudawa, tana zama a cikin hanjin kaza, wajen fiɗa take taɓa naman. Ba ta canja masa launi ko wari.

1. Ki sa a ƙulla kazar a ledarta daban, nesa da tumatir da latas.
2. Ki sa ta a firji kafin awa 2 su cika, awa 1 in ana zafi sosai.
3. Ki ajiye ta a ƙasan firji cikin roba mai murfi, kada ruwanta ya ɗiga kan abinci.
4. Ki yanka a katakon nama kaɗai.

Hattara: wajen wanke kazar ake kuskure. Wanki ba ya kashe ƙwayar, fantsama ta yake yi. In dole sai kin wanke, ki yi a roba a hankali, ba ƙarƙashin famfo ba. Lemun tsami ma ba ya kashe ta, daskarewa haka.

5. Ki wanke wuƙa da katakon da sabulu da ruwan zafi.
6. Ki wanke hannu da sabulu na daƙiƙa 20.
7. Ki dafa har tsokar cinya kusa da ƙashi ta kai digiri 74 na Salshiyas.
8. Ki zuba dafaffen a kwano mai tsabta, ba wanda ɗanyen ya zauna ba.