Zaɓen manhajar ganga don tsara waƙar rok a Yamai

Kafin ka sauke komai, duba ko manhajar tana ba da kiɗan a tsarin MIDI (wato umarnin bugu da kwamfuta ke bi ta kaɗa) ko kuwa sauti ne naɗaɗɗe na WAV. Ɗauki MIDI. Da shi kana iya ɗaga bugu ɗaya, ka sauya sauri daga bugu 90 zuwa 130 a minti, sauti bai lalace ba. WAV kuwa in ka sauya saurinsa da yawa, ƙarar faifan ƙarfe sai ta dinga rawa kamar tsohon kaset.

Mai ƙaramar kwamfuta ya fara da Hydrogen ko MT Power Drum Kit, duka kyauta ne; na biyun sai an ɗora shi cikin manhajar naɗi irin Reaper. EZdrummer ya fi daɗin sauti, amma na kuɗi ne, kuma saukarsa tana cinye data sosai.

Akasarin kiɗan da ke cikin waɗannan manhajoji awon 4/4 ne, wato bugu huɗu a kowane zagaye, ƙaramar ganga tana faɗuwa a bugu na 2 da na 4. In jitarka na bin salon Agadas mai awon 6/8 (gajerun bugu shida a kowane zagaye), gwada wannan awon tun farko, don wasu tarin kiɗan ba su da shi sam. Rage ƙarfin wasu bugun kaɗan, kada ya fito kamar inji.