Ka riƙa warware tambayar da baki kafin ranar intabiyu

'Yan uwa masu shirin intabiyun neman aikin rubuta manhajar kwamfuta a manyan kamfanonin fasaha, don Allah ku daina atisaye a shiru.

Duk tambayar da ka ɗauko, ka warware ta kana magana, kamar mutum na zaune a gabanka. Kunna rikoda a wayarka, ka ba kanka minti 45, kusan tsawon zama ɗaya ke nan a irin su Google.

Mai yi maka tambaya so yake ya ji yadda kake tunani. Bayan kun tashi zai rubuta rahoto a kanka, kuma abin da ya ji daga bakinka zai rubuta. In ka yi tsit minti goma, bai san inda ka maƙale ba, balle ya ɗan haska maka hanya.

Fara da maimaita tambayar da kalmominka. Tambayi yawan bayanan da za a sarrafa. Faɗi hanya mafi sauƙi ko da ba ta da sauri, sannan ka inganta ta. Daga baya ka saurari rikodin, da kunnenka za ka ji inda bayaninka ya rikice. Kyauta ne, ba sai ka biya mai horarwa ba.

Amma a jarrabawar farko ta intanet, wadda na'ura ke dubawa, magana ɓata lokaci ce. Kuma in ba ka san darasin ba, yawan magana ba zai rufa maka asiri ba.

In kana buƙatar nutsuwa a lokacin intabiyun, ka ce, "A ba ni minti ɗaya in yi tunani." Wannan ba laifi ba ne.