Darasi na Bakwai: Harshen Wuta a Inda Babu Nauyi

Kafin a shiga karatun, yana da kyau mai koyo ya kunna kyandir a ɗakin da iska ba ta kaɗawa, sannan ya karkata shi hagu da dama a hankali. Zai ga cewa duk yadda aka juya kyandir ɗin, harshen wutar sama yake nufa, da faɗi a gindi da tsini a bisa. Dalili kuwa shi ne, iskar da wuta ta ɗumama ba ta kai mai sanyi nauyi ba, don haka sai ta tashi, mai sanyin kuma ta kwararo ta ƙasa ta maye gurbinta ɗauke da oksijin, wato sinadarin cikin iska wanda wuta ba ta ci sai da shi. Ke nan ƙarfin da ƙasa ke jawo abubuwa da shi, shi ke yi wa kowace wuta fifita, kamar yadda zugazugi ke yi wa wutar maƙera.

Tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa tana can nisan kimanin kilomita 400 daga doron ƙasa, tana kuma kewaye duniya cikin kusan minti 90. Mutane da yawa na zaton jan ƙasa bai kai can ba, amma wannan kuskure ne. Tashar da duk abin da ke cikinta faɗowa suke yi tare ba tsayawa, sai dai tsananin gudunta yana sa kullum ta zagaye duniya maimakon ta faɗo kanta. Tun da komai tare yake faɗowa, har da iska, babu sauran mai tashi sama ko mai sauka ƙasa.

Idan aka kunna kyandir a irin wannan hali, wutar takan dunƙule a kan lagwani kamar ƙwallo, launinta ya koma shuɗi maras haske, har takan yi wuyar gani. Oksijin a hankali yake ratsowa daga kowane ɓangare, saboda haka wutar ba ta yin zafi sosai, ba ta kuma yin kunkunniya da yawa, alhali kunkunniyar da ta yi jajir ita ce ke ba wutarmu launin ruwan ɗorawa.

Kada rashin ƙarfin wannan wuta ya sa a raina ta, domin wutar da ba a gani sosai ta fi saurin shammatar mutum. A watan Fabrairun 1997 gobara ta tashi a Mir, wata tashar sararin samaniya mallakar ƙasar Rasha, daga wata na'urar samar da oksijin, hayaƙi ya turnuƙe ko'ina, har sai da 'yan sama jannati shida da ke ciki suka sanya takunkumin numfashi kafin su shawo kanta. A gidajenmu ana koya wa wanda gobara ta rutsa da shi ya rarrafa, saboda hayaƙi rufin ɗaki yake nufa, amma a can wannan dabara ba ta da amfani, tun da hayaƙin bazuwa yake yi ta kowace fuska. Shi ya sa ake dasa na'urorin gano hayaƙi a hanyoyin da fankoki ke tura iska, kuma da zarar sun yi ƙara sai a kashe fankokin nan take, don kada su ciyar da wutar.