Yadda ake sa wa zuriyar Shehu suna da tsara su a Wikipedia ta Hausa

Kwanan baya wani matashi da nake koya wa rubutu a Wikipedia ya miƙo mini wayarsa in duba masa maƙalar da ya shirya kan Sarkin Musulmi Attahiru. A sakin layi na farko Attahiru ya yi shahada a Burmi a 1903. A na uku kuma ga shi bisa gadon sarauta har 1915. Yaron bai ƙirƙiri komai ba, mutum biyu ya haɗe suka zama ɗaya: Attahiru ɗan Ahmadu Atiku, wanda ya fita Sakkwato da Turawa suka shigo, da Attahiru ɗan Aliyu Babba, wanda aka naɗa bayansa. Irin wannan ne yake sa ni damuwa, domin ɗalibi zai kwafa ya kai makaranta, gobe kuma wani ya kwafa daga gare shi.

Gidan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo gida ne da ake maimaita suna don neman albarka. Muhammadu, Abubakar, Aliyu, Ahmadu, su ne suke ta zagayowa. Don haka aikin yana buƙatar bi sannu a hankali.

Mataki na farko, kafin ka taɓa madannin kwamfuta, ɗauki takarda da biro ka rubuta nasabar mutumin: wane ɗan wane ɗan wane, har ka dangana da Shehu. Idan silsilar ta yanke maka a hanya, ba ka shirya rubutu ba tukuna. Sannan ka bincika ko akwai maƙalar tuni da wani rubutun daban. Gwada Usman da Usmanu da Uthman, gwada Fodiyo da Fodio, gwada Sakkwato da Sokoto, gwada da harafi mai lanƙwasa da kuma mara lanƙwasa. Sau da yawa abin da kake shirin ginawa yana nan, ɗ ce kawai aka rubuta d.

Mataki na biyu shi ne kan maƙala, kuma nan aikin ya fi nauyi. Ka zaɓi sunan da mutane suka san shi da shi, wanda kuma ya raba shi da takwarorinsa. Abin farin ciki, kakanninmu sun riga sun yi mana rabin aikin da laƙabi. Bello ya haifi Aliyu biyu da suka yi sarauta, aka ce Aliyu Babba (1842 zuwa 1859) da Aliyu Ƙarami (1866 zuwa 1867). Muhammadu Maiturare da ɗansa Muhammadu Tambari, laƙabinsu ya wadatar. Abubakar Atiku kuwa biyu ne: ɗan Shehu da ya gaji Bello a 1837, da ɗan Bello da ya hau a 1873. Na taɓa kiran na ƙarshen Abubakar na biyu a gaban wani dattijo kusa da Hubbaren Shehu, sai ya dube ni ya ce, “Ɗana, mu nan Atiku na Raba munka san shi.” Tun ranar na gane cewa lamba ta littafi ce, laƙabi kuwa shi ke bakin mutane. Ka sa Abubakar Atiku na Raba a kan maƙala, lambar ta shiga cikin jimlar farko.

Inda babu laƙabi mai ƙarfi, kamar Attahirun nan biyu, lamba ta yi amfani: Muhammadu Attahiru I da Muhammadu Attahiru II. Amma ka yi hattara da Abubakar III. Wannan sunan na Sarkin Musulmi Siddiƙu Abubakar ne, wanda ya yi shekara 50 bisa gado, daga 1938 zuwa 1988. Jaridu kan liƙa lambar a ƙarshen sunan ɗansa, Sarkin Musulmi na yanzu. A maƙala, shawarata ita ce ka rubuta Muhammadu Sa'ad Abubakar ba tare da lamba ba, don kada uba da ɗa su rikice wa mai karatu.

Wani lokacin takwaran ma ba a Sakkwato yake ba. Sarkin Kano Alu, wanda ya yi mulki daga 1894 zuwa 1903, shi ma Aliyu Babba ake ce masa. A nan sai ka ƙara sarautar a cikin baka biyu bayan sunan, wannan Sarkin Musulmi, wancan Sarkin Kano, sannan ka buɗe ɗan gajeren shafin rarrabewa mai nuna hanyar kowanne.

Akwai abin da yake yi wa da yawa daga cikinmu wuya, ni ma ya yi mini: cire kalmomin girmamawa daga kan maƙala. Ba a sa Mai Alfarma, ba a sa Alhaji ko Marigayi, ba a sa addu'a. Mu da muka tashi ba mu ambaton Shehu sai mun ce Allah ya ƙara masa yarda, hannunmu kan yi nauyi. Amma kan maƙala adireshi ne da ake nema da shi, ba gaisuwar fada ba. Girmamawar tana cikin rubuta tarihin mutum daidai. Nana a sunan Nana Asma'u kuwa ba a cire ta, domin ta zama ɓangaren sunan da duniya ta san ta da shi.

Sauran sunayen da ka bari kada su tafi a banza. Ka buɗe wa kowanne shafi wanda aikinsa kawai ya tura mai nema zuwa ainihin maƙalar. Wanda ya rubuta Ɗanyen Kasko ya tarar da kansa a shafin Sarkin Musulmi Abdurrahman. Idan kuma sunan tsohuwar maƙala za ka gyara, yi amfani da hanyar sauya wa shafi suna, kada ka kwashe rubutun ka zuba a sabon wuri, domin tarihin gyare-gyaren waɗanda suka riga ka zai ɓace.

Mataki na uku, jimlar farko. Ta ƙunshi cikakken suna, sunan uba, shekarun rayuwa da shekarun sarauta. Tsofaffin littattafanmu da shekarar Hijira suke lissafi, saboda haka ka kawo biyun inda ka same su: Shehu ya rasu a 1232 bayan Hijira, wato 1817. Idan za ka ce wane shi ne Sarkin Musulmi na kaza, ka faɗi inda ka fara ƙirga. Lissafin da ya ba mai ci yanzu na 20 daga Shehu ya faro. Wanda ya faro daga Bello zai samu 19.

Mataki na huɗu, raba mutum da sarauta. Rawani yana sauya kai. Abubakar III ya riƙe Sardauna kafin ya zama Sarkin Musulmi, daga nan sarautar ta koma ga Ahmadu Bello. Ibrahim Dasuki Baraden Sakkwato ne kafin 1988, Muhammadu Macciɗo kuma Sarkin Kudu. Don haka Sardaunan Sakkwato ya samu shafinsa na kansa, da jerin waɗanda suka riƙe, ko da yake in an ce Sardauna kowa ya san wanda zuciya ke nufi. Kuma ba duk mai rawani ne jinin gidan ba. Shehu Shagari ya riƙe sarautar Turakin Sakkwato, wurinsa rukunin masu riƙe da sarautun Sakkwato.

Mataki na biyar, rukuni. Ka yi babban rukuni na zuriyar Shehu, ƙarƙashinsa gidaje. Gidan Bello ya fi yawan sarakuna, 'ya'yansa huɗu ma sun hau gado: Aliyu Babba, Aliyu Ƙarami, Atiku na Raba da Mu'azu. Gidan Atiku ya ba da Ahmadu Atiku, Abdurrahman, Attahiru I, Maiturare da Tambari. Ga Ahmadu Rufa'i ɗan Shehu, ga gidan Buhari da Dasuki ya fito. Zuriyar Abdullahi ɗan Fodiyo ta Gwandu rukuninta daban, sai dai a haɗa su da mahaɗi. A akwatin bayanai, wato ɗan jadawalin da ke gefen maƙala, kada ka ɗauka wanda aka gada shi ne uba. A Sakkwato sarauta takan bi ta ƙane ko ɗan ɗan'uwa: Abubakar III baffansa Hassan ɗan Mu'azu ya gada, mai ci yanzu kuma yayansa Macciɗo ya gada a 2006.

Ina roƙon kada a bar mata a baya. Jadawalin nasaba da yawa da na gani maza zalla ne, kamar Shehu bai haifi ɗiya ba. Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta kafa tsarin 'Yan Taru, tana tura malamai mata da ake kira jaji zuwa ƙauyuka su karantar da mata. Maƙalarta da sunanta take, aurenta da Waziri Giɗaɗo ɗan Laima ya zo a cikin rubutu. Ta wurinta ma ake ganin inda gidan Waziri ya haɗu da na Shehu, domin ɗansu Abdulƙadir ya zama Waziri. 'Yar'uwarta Maryam ita ma ta cancanci shafinta.

Masu rai kuma a yi musu taka-tsantsan. Kasancewa jikan sarki kawai bai isa a buɗe wa mutum maƙala ba, sai an rubuta a kansa a wurin da ake dogaro da shi. Sunayen yara da na matan aure da ba su shiga harkar jama'a ba, a bar su cikin gidajensu. Abin da ka ji a zaure, ko da gaskiya ne, ka nemi inda aka rubuta shi. Cibiyar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu tana nan cikin garin Sakkwato.

Daga ƙarshe sai haɗa maƙalar da Wikidata, rumbun bayanan da Wikipedia ke amfani da shi, inda akwatin bayanai kan ɗauko shekaru da hoto. Kada suna ya ruɗe ka, duba shekarar rasuwa da sunan uba kafin ka danna. Da muka raba maƙalar yaron nan gida biyu, sai da muka koma can muka tabbatar mai 1903 yana tare da ɗan Ahmadu Atiku, mai 1915 kuma yana tare da ɗan Aliyu Babba.