Kurakuran da aka fi yi wajen shan maganin borin jini da atishawa

Duk shekara, da zarar hunturu ya kama kuma hazo ya rufe gari, 'yan uwa da maƙwabta sukan zo mini da tambayoyi iri ɗaya, domin sun san na daɗe ina fama da atishawa da ƙaiƙayin ido da borin jini, kuma kurakuran da nake gani a wajensu ba sa canzawa. Maganin da nake magana a kansa shi ne wanda likitoci suke kira antihistamin. Aikinsa shi ne tare wani sinadari mai suna histamin, wanda jiki yake saki idan ya ci karo da abin da bai karɓe shi ba, kamar ƙura ko wani abinci ko harbin ƙwaro, kuma sinadarin ne yake haddasa ƙaiƙayi da yoyon hanci da ruɗu-ruɗun da suke fesowa a fata.

Kuskuren da ya fi cutar da ni shi ne ɗaukar waɗannan magunguna a matsayin abu ɗaya, alhali kashi biyu ne. Na dauri, irin su chlorphenamine da mutane suka fi sani da Piriton, da promethazine, suna ratsawa har cikin ƙwaƙwalwa, shi ya sa suke kawo gyangyaɗi da mutuwar jiki. Na baya-bayan nan, irin su loratadine da cetirizine da fexofenadine, kaɗan ne daga cikinsu yake isa can. Wata safiya ta hunturu na sha ƙwayar chlorphenamine mai miligiram 4 bayan sallar asuba, da na ga hancin bai tsaya ba sai na ƙara da maganin mura, na hau babur na nufi wajen aiki. Na tuna idanuna sun yi nauyi a daidai wani shataletale, abin da na sani bayan nan shi ne ina kwance a bakin kwalbati, mutane suna salati a kaina, kafaɗata ta karye. A asibiti likita ya karɓi kwalin maganin murar da ke aljihuna, ya sa yatsa a kan ƙananan rubutun da ke gefensa, ya ce, “Malam, abin da ka sha da asuba shi ka sake sha.” Magungunan mura da tari masu haɗi da yawa suna ɗauke da chlorphenamine a ciki, ni kuwa ban taɓa tsayawa na karanta ba. Laifin nawa ne, kuma da na ɗauko ɗana a bayan babur ɗin kamar yadda na saba, da ban san abin da zan faɗa wa mahaifiyarsa ba.

Tun daga ranar ba na shan na dauri idan zan tuƙa abin hawa, ko da kuwa da daddare ne zan sha in fita da sassafe, saboda maganin yana daɗewa a jiki, mutum yakan wayi gari da sauran nauyinsa ba tare da ya ankara ba. Cetirizine mai miligiram 10 nake sha, sau ɗaya a rana, kuma na mayar da lokacinsa bayan sallar isha'i, domin shi ma yana sa wasu mutane kasala. Duk sabon magani kuma a ranar da nake zaune a gida nake fara gwada shi. Direban adaidaita sahu da mai aikin injin niƙa da mai hawa saman gini su suka fi kowa buƙatar kiyaye wannan.

Abu na biyu kuwa yana ɓata mini rai matuƙa, wato ɗura wa yaro maganin don ya yi barci. Na ga ƙanwata ta yi haka a jajibirin wani biki, da na yi mata magana sai ta ce, “Yaya, ai rabin cokali ne kawai, don in samu in gama aiki.” Wane cokali? Na shayi ko na cin abinci? Yaron lafiyarsa ƙalau, babu ƙaiƙayi babu atishawa, an ba shi magani mai taɓa ƙwaƙwalwa don uwarsa ta samu sarari. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi mai tsanani cewa kada a ba yaron da bai kai shekara 2 ba promethazine, saboda yana iya danne numfashinsa har ya rasa rai. Wasu yaran ma akasin barci yake sa su, su yi ta firgita da rigima, sai uwa ta ga kamar bai isa ba ta ƙara, daga nan sai zafin jiki da bugun zuciya da jijjiga. A gidana ba a ba yaro irin wannan magani sai da izinin likita, kuma da murfin awo ko sirinjin da ya zo da kwalbar ake aunawa.

Akwai kuma masu jiran ƙwaya ta yi aiki a lokacin da ya kamata su kama hanyar asibiti. Idan bayan cin wani abu ko harbin zuma ko allura leɓe da harshe suka kumbura, murya ta shaƙe, numfashi ya fara fita da ƙyar, ko mutum ya ji jiri kamar zai faɗi, antihistamin ba zai cece shi ba. Allurar adirenalin ake buƙata cikin gaggawa. Haka nan antihistamin ba ya maye gurbin abin shaƙa na mai asma.

Sauran ba sa buƙatar dogon bayani. Ninka ƙwaya don ƙaiƙayi ya yi tsanani ba shawarar da mutum zai yanke wa kansa ba ce, kuma iyakar chlorphenamine ga babba miligiram 24 ne a yini. Dattawa, musamman maza masu wahalar fitsari da masu hawan jinin ido, su nisanci na dauri, domin yana iya riƙe fitsari ya kuma kawo ruɗewa. Kada a haɗa shi da maganin barci. Mai ciki da mai shayarwa da mai ciwon ƙoda su tambayi likita kafin su sha. Fexofenadine da ruwa ake shan sa, domin ruwan lemo da na tuffa suna rage yawan abin da jiki yake tsotsa. 'Yan matan da suke shan cyproheptadine don su yi ƙiba su sani antihistamin ne na dauri suke sha kullum. A kemis kuwa ba na karɓar ƙwayar da aka ƙulle a leda ba suna, sai a kwalinta, in duba lambar NAFDAC da ranar da wa'adinta zai ƙare kafin in miƙa kuɗi.