Yadda Za Ka Bi Haƙƙin Ɗan'uwanka Idan An Tsare Shi a Caji Ofis

A daminar bara wani dattijo maƙwabcinmu a Katsina ya kwana uku a bayan kanta saboda ƙanensa ya karɓi buhunan gero bashi ya bar gari. Na ga ɗansa zaune a bakin ƙofar caji ofis da kwanon tuwo a ɗaure cikin ɗankwali, sauran iyalin kuma suna ta zarya gidajen manya don neman wanda zai sa baki. Babu wanda ya san cewa kamun tun daga tushe haramtacce ne, domin Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana a kama mutum a madadin wanda ake nema, ta kuma hana kamu a kan bashi ko saɓa yarjejeniya kawai, tunda hanyar wannan ita ce ƙara a kotu.

Da zarar ka isa, kafin ka nemi ganin kowa, ka rubuta ranar da aka yi kamun da ƙarfe nawa, da wurin da aka yi shi, da sunan jami'in da ke riƙe da binciken. Wannan 'yar takarda ita ce jarinka, domin haƙƙin da sashe na 35 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya bayar da agogo ake auna shi. Sashen ya wajabta a sanar da wanda aka kama dalilin kamun a rubuce cikin awa 24, a harshen da yake ji. Ya kuma wajabta a gurfanar da shi gaban kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotun da ke da hurumi a tazarar kilomita 40, idan babu kuwa cikin kwana biyu ko gwargwadon abin da kotu ta ga ya dace. Wanda aka tsare a cikin birnin Katsina ko Daura, inda kotunan majistare suke kusa, kwana ɗaya ne nasa. Sai dai wannan ƙa'ida ba ta hau kan wanda ake zargi da laifin da hukuncinsa kisa ne ba, kamar kisan kai da fashi da makami.

Idan an ba ka damar ganinsa, abu mafi muhimmanci da za ka faɗa masa shi ne kada ya sa hannu ko ya dangwala yatsa a kan bayanin da bai fahimta ba. Sashe na 35 ya ba shi damar yin shiru har sai ya gana da lauya ko wani mutum da shi ya zaɓa, kuma a nan ne mutanenmu suka fi cutuwa: an tarbiyyantar da mu a kan cewa ƙin amsa wa hukuma rashin kunya ne, sai mutum ya yi magana da Hausa, a rubuta da Turanci, ya dangwala, bayan wata shida a karanta masa a kotu ya ji abin da bai taɓa furtawa ba. Ka dube shi da kyau. In ka ga kumburi ko shatin duka, ka rubuta abin da ka gani da ranar, domin sashe na 34 ya haramta azabtarwa, kuma dokar hana azabtarwa ta 2017 ta mai da ita laifi a kan jami'in da ya aikata.

Daga nan sai ka nemi beli, kuma ya fi kyau a rubuce, ka riƙe kwafi. Ka yi magana cikin ladabi, ka ce: “Ranka ya daɗe, na zo neman belin ɗan'uwana, ga wanda zai tsaya masa.” Ka tafi da mutumin da ke da tabbataccen adireshi da katin shaida. Beli kyauta ne, rundunar 'yan sanda da kanta take shelanta haka. Na san iyalin da hankalinsu ya tashi sukan ga biyan kuɗi ya fi sauƙi, kuma ba na ganin laifinsu, amma duk abin da aka karɓa ba tare da rasit ba babu dokar da ta san da shi.

Idan wa'adi ya wuce ba beli ba kotu, kada ka ci gaba da jiran alfarma. Marar hali ya nufi hukumar tarayya mai ba da lauyoyi kyauta, wadda aka kafa tun 1976, ko Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, su biyun suna karɓar koke ba tare da kuɗi ba. Sashe na 46 ya ba duk wanda aka tauye wa haƙƙi, ko ake shirin tauye masa, damar zuwa Babbar Kotu a jihar da abin ya faru. Ƙa'idojin 2009 na irin wannan ƙara sun sauƙaƙa hanyar ƙwarai: ɗan'uwa zai iya shigar da ita a madadin wanda ke tsare, shi ne kuma zai yi takardar rantsuwa a kan abin da ya gani da idonsa, inda takardar nan da ka rubuta ranar farko za ta yi aikinta. An tsara a sa ranar sauraro cikin kwana 7, ko da yake cunkoson shari'u yakan ja lokacin.

Kotu tana iya ba da umarnin a sake shi ko a kawo shi gabanta, kuma sashe na 35 ya ce wanda aka tsare ba bisa doka ba yana da haƙƙin diyya da ban haƙuri a bainar jama'a. Ko an riga an sake shi ƙarar ba ta faɗi ba, domin ƙa'idojin ba su sa mata wa'adi ba, saboda haka dattijon maƙwabcinmu zai iya shigar da tasa har yau.