Kafin ka biya kuɗin manhajar tsara waƙoƙi

'Yan uwa, ga mai tambaya ko Roon, manhajar tsara waƙoƙi da sauraronsu, ya ci kuɗinsa: in waƙoƙinka irin nawa ne, dakata tukuna.

Roon na da kyau, yana haɗa waƙa da hoton faifai da tarihin mawaƙi, ya aika sauti zuwa lasifikar kowane ɗaki. Amma daga intanet yake ɗauko bayanan. Waƙoƙin makaɗan fada da aka tura mini a memori a Tsohuwar Kasuwar Sakkwato, rabinsu ko sunan kirki babu, sai lamba. Roon ya kasa gane su. Ga shi da dala ake biya, kuma dole kwamfuta ɗaya ta kasance a kunne duk lokacin da za ka saurara. A zafin Afrilu na Sakkwato, da wutar nan mai zuwa da tafiya? Sai mai sola.

Fara da Mp3tag, kyauta ne a Windows, ka rubuta sunan mawaƙi da na waƙa da hannunka. Aikin akwai gajiya, ni sati biyu ya ci mini bayan isha'i. Sannan ka ɗora MusicBee ko foobar2000, manhajojin sauraron waƙa. In ranka na kan Roon, yi gwajin kyautarsa kafin ka taɓa aljihu.